Dayis ko injin fiƙa? Haƙorin sandar fistin ya ƙi tafiya daidai

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ina haɗa wani ɗan ƙaramin injin tururi mai silinda guda a tsaye, daga zanen mutanen Ingila. Sandar fistin ɗin kaurinta 1/8 na inci ne, kuma zanen ya ce a yi mata haƙorin 5BA, wani ma'aunin haƙorin kusa na Ingila, a kowane kai. Ban samu dayis ɗin 5BA ba, wato zoben ƙarfen da ake murzawa ya yanka haƙori a jikin sanda, na M3 mai milimita 3 ne a hannuna. Na ɗaure sandar a bais na murza mata dayis da hannu, haƙori ya fito, noti ma yana shiga. Amma da na ɗaura fistin sai na ga ya ɗan kwanta gefe guda, in na tura shi cikin silinda sai ya cije. Ina da ƙaramin injin fiƙa na China, irin mai juya ƙarfe wuƙa tana fiƙe shi. Shin in bar dayis in koma yankan haƙori da wuƙa a kan inji ne, ko akwai dabara? A taimaka wa ƙani.

Baba Makeri: Wa alaikumus salam. Yaro, kafin mu je ga inji, gaya mini abu biyu. Ka rage kaurin sandar kafin ka sa mata dayis? Kuma ka fiƙe mata baki?

Ɗan Kurmi: Baba, na ɗan goga bakin da magagari, amma kaurin yana nan yadda yake.

Baba Makeri: To ga ta nan. 1/8 na inci milimita 3.175 ne. Dayis ɗin M3 kuwa sanda mai milimita 3 yake so, gara ma ta ɗan gaza, kamar 2.95. Ka cusa masa abin da ya fi bakinsa, dole ya kama ta gefen da ya fi masa sauƙi, kuma duk inda haƙori na farko ya dosa, can sauran za su bi. Dayis ba shi da ido. 5BA da zanen ya ce milimita 3.2 ne, shi ya sa suka zaɓe shi, yana hawa sandar 1/8 ba tare da an rage ta ba.

Oga Mai Fiƙa: Baba, da girman kujerarka, ko ya rage kaurin, aikin bais aikin bais ne. Mutum yana da inji a gabansa, me zai kai shi murza dayis a tsaye kamar mai gyaran famfo? Haƙorin da wuƙa ta yanka a kan inji ba ya karkata, domin sandar a kan cibiyarta take juyawa, wuƙar kuma a layi ɗaya take tafiya. Ƙanena, koyi yankan haƙori da wuƙa, ka huta da sayen dayis har abada.

Baba Makeri: Oga, a kan sanda mai milimita 3? Ka taɓa gwadawa kuwa, ko daga shaf ɗin injin markaɗe kake ba mu labari?

Oga Mai Fiƙa: Haƙori ai haƙori ne, Baba, babba da ƙarami lissafi ɗaya ne.

Malama Injiniya: Lissafin ɗaya ne, Oga, amma ƙarfen ba ɗaya ba ne. Bari mu ɗora shi a kan lamba. M3 tazarar haƙorinsa milimita 0.5 ce. Zurfin haƙorin waje a tsarin milimita kusan 0.613 ne sau tazara, wato kimanin milimita 0.31 ke nan. Idan an gama, abin da ya rage a tsakiyar sandar bai kai milimita 2.4 ba. Da zarar wuƙa ta taɓa irin wannan siririyar sanda, sai sandar ta lanƙwashe ta guje mata. Kusa da cok, wato bakin injin da ke riƙe aiki yana juyawa da shi, haƙorin zai yi zurfi, can bakin kuwa da ƙyar zai fito, in ma ba a yi sa'a ba sandar ta hau kan wuƙar ta karye. Ana iya yi, amma sai an tallafe sandar, wuƙar kuma ta yi kaifin aska. Ba nan ne ya kamata mai koyo ya fara ba.

Oga Mai Fiƙa: To Malama, ya koma bais ke nan?

Malama Injiniya: A'a. Ya yi amfani da dayis, amma a kan inji. Abin da ka faɗa game da cibiya gaskiya ne, sai dai ba lallai sai da wuƙa ake samun ta ba. Ɗan Kurmi, ka kama sandar a cok, ka bar ɗan kaɗan kawai a waje. Ka rage bakin zuwa 2.95 gwargwadon tsawon da haƙorin zai ci, ka fiƙe ƙarshen. Sannan ka sa dayis a mariƙinsa, ka matso da wutsiyar injin, wato ɓangaren da ke fuskantar cok daga ɗaya ƙarshen, ta dafe bayan mariƙin, fuskarta a kwance a kansa. Ita za ta hana shi karkata. Ka cire filogin injin daga wuta, ka riƙa juya cok da hannunka, kana bin mariƙin da wutsiyar a hankali. Rabin juyi gaba, ka ɗan dawo baya don ɓarɓashin ya karye. Kuma ka lura, M3 ɗin nan da kake gani kamar rashi ne, riba ce: tunda ka rage 3.175 zuwa 2.95, za ka samu 'yar kafaɗa, fistin zai zo ya zauna a kanta daram.

Mai Gyaran Agogo: Ƙari a kan maganar Malama. Dayis fuska biyu gare shi. Ɗaya haƙoranta na farko a zaizaye suke, su ne ke fara cin ƙarfe a hankali, yawanci ita ce fuskar da ke da rubutu, amma ka duba da idonka kada ka dogara da rubutun. Da ita ake farawa. In ka kai kafaɗa, ka fito da shi ka juya ɗaya fuskar ka sake bi, don haƙorin ya ƙarasa kusa da kafaɗar. In ba haka ba fistin zai tsaya kafin ya taɓa ta.

Na Maraɗi: Salamu alaikum. Ni abin da ka ba ni mamaki, mi ya kai ku ga wanga BA tun farko? Mu nan Nijar milimita munka sani, ita munka gada daga Faransa. M3, M4, M5, M6, ka shiga kasuwa ka saye noti ka tafi. Ku kuwa kullum inci kaza, haƙori kaza cikin inci. Ba ku gajiya?

Baba Makeri: Mun gaji mana, ɗan'uwa, amma gado ne. Tsofaffin injinan da Ingila ta bar mana, na jirgin ƙasa da na gidan ruwa da tsofaffin Land Rover, da haƙorin inci suka zo. Har gobe fayif ɗin ruwa haƙorin Ingila ne da ake kira BSP, rabin inci haƙori 14 a inci, kuma ina jin ku ma can famfonku shi ne, ko da kun sa masa wani suna.

Na Maraɗi: Wannan kam gaskiya ce Baba, fayif bai bi mu ba.

Malama Injiniya: Tunda an taɓo tarihi. Kafin 1841 kowace masana'anta a Ingila nata haƙorin take yi, notin wannan ba ya shiga kusar wancan. Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a wajen Henry Maudslay, mutumin da ya gyara injin yankan haƙori wajen shekarar 1800, shi ya tattaro kusoshi daga masana'antu daban-daban ya fitar da tsari guda mai kusurwa digiri 55, kan haƙorin da gindinsa a zagaye. A 1864 William Sellers a Amurka ya kawo nasa mai digiri 60, kai a daddaɓe, saboda ya fi sauƙin yi. Bambancin nan ya wahalar da su sosai a yaƙin duniya na biyu, kayan gyaran Amurka ba sa shiga injin Ingila, har sai a 1949 Amurka da Ingila da Kanada suka amince da tsari guda mai digiri 60. Na milimita shi ma 60 ne. BA kuwa daban yake, digiri 47.5, an yi shi ne don ƙananan abubuwa irin na'urorin awo da kayan lantarki. Kuma Na Maraɗi, abin dariyar shi ne BA ɗin ma a kan milimita aka gina shi: 0BA kaurinsa milimita 6, tazara milimita 1, kowace lamba ta gaba kuma tazararta 0.9 ce ta wadda ta gabace ta. Shi ya sa 2BA ya zama 0.81, 5BA 0.59, 7BA 0.48.

Bakaniken Unguwa: Au, ashe 0BA da M6 abu ɗaya ne ke nan! Kauri 6, tazara 1. To me ye na wahala, a ɗaura wannan a kan wancan mana.

Mai Gyaran Agogo: Zai iya hawa, amma ba abu ɗaya ba ne. Kusurwar ta bambanta, 47.5 da 60. Gefen haƙoran ba za su kwanta a kan juna ba, wuri kaɗan ne zai ɗauki nauyin duka. Yau ya ɗauru, gobe ya cinye.

Bakaniken Unguwa: Mu dai a gareji in noti ya shiga ya ɗauru, mun sallami mai mota.

Oga Mai Fiƙa: Shi ya sa kullum kuke kawo mana kan silinda da ramin fulogi a cinye, mu yi ta fama. Ramin nan M14 ne mai tazarar 1.25, amma sai yaro ya fara ɗaura fulogi da sifana tun daga haƙori na farko maimakon da yatsu.

Bakaniken Unguwa: Oga, ba don mu ba da me za ku ci?

Admin: Jama'a a koma kan tambayar bawan Allah. Gareji da masu fiƙa ku buɗe naku zauren.

Ɗan Kurmi: Na gode ƙwarai. Wato in na fahimta, ba laifi in mayar da duk haƙoran zanen zuwa milimita? Akwai 7BA da yawa a murfin silinda, akwai kuma wani da aka rubuta 1/4 x 40 a wajen shigar tururi.

Malama Injiniya: 7BA kaurinsa 2.5 ne, saboda haka M2.5 mai tazarar 0.45 zai maye gurbinsa lafiya. 2BA ka sa M5, ko M4 in wurin ya matse. Abin da za ka kula da shi shi ne girman notin. Notin M2.5 na kasuwa ya fi na 7BA faɗin kai, wani lokaci sai ka ga biyu sun gogi juna a kan murfi, ko sifana ta rasa wurin shiga. Ka auna a kan zanen kafin ka huda komai. Shi kuwa 1/4 x 40 wani tsari ne na masu ƙera ƙananan injina a Ingila, ME suke rubuta shi, siffar Whitworth ce digiri 55, amma haƙori 40 ko 32 a inci komai kaurin abin. Dalilinsa shi ne bututun tagulla bangonsa siriri ne, haƙori mai gwaɓi zai huda shi. In kai za ka ƙera namiji da macen duka, M6 mai tazarar 0.75 ko 0.5 zai yi maka. In kuwa za ka sayo bawul ko ma'aunin tururi da aka riga aka yi a can, to dole ka bi nasu.

Baba Makeri: Ni a nan na saɓa da Malama kaɗan. Wanda ya zana injin nan ya san abin da ya sa ya zaɓi kowane haƙori. Ka canza wannan, ka canza wancan, ƙarshe ka rasa wanne ka sa a ina. In da hali ka yi odar taf, mai yankan haƙori a cikin rami, da dayis na 5BA da 7BA, ba su da yawa, ka bi zane yadda yake.

Malama Injiniya: Baba, in taf ɗin 7BA ya karye masa a daren Juma'a, a wace kasuwa zai samo wani ranar Asabar? M2.5 ma sai an tona, balle BA. Abin da mutum zai iya sake saya shi ne nasa.

Baba Makeri: Wannan kuma hujja ce. Amma ya rubuta duk canjin da ya yi a jikin zanen da jan biro, kada ya ce zai riƙe a ka.

Oga Mai Fiƙa: To yanzu ga inda maganata ta dawo. 1/4 x 40 ɗin nan, ba shi da dayis ɗinsa, kuma ba zai samu a nan kusa ba. Kaurin milimita 6.35 ne, tagulla ce, gajere ne, ba zai lanƙwashe ba. Wannan aikin wuƙa ne tsantsa. Ko Malama za ta musa?

Malama Injiniya: Ba zan musa ba, nan kam filinka ne.

Oga Mai Fiƙa: Madalla. Ɗan Kurmi, doguwar sandar nan mai haƙori da ke jan kujerar wuƙa a injinka, ta inci ce ko ta milimita? Irin naku na China iri biyu ne, akwai mai haƙori 16 a inci, akwai mai tazarar milimita 1.5.

Ɗan Kurmi: Na auna, haƙori goma sun ba ni milimita 15 cif.

Oga Mai Fiƙa: Ta milimita ce ke nan. Ga yadda abin yake. Duk juyi ɗaya na cok, so kake wuƙa ta matsa tazarar haƙori ɗaya. Haƙori 40 a inci, ka raba 25.4 da 40, ya ba ka 0.635. Ka raba 0.635 da 1.5, ya ba ka 0.4233. Giyoyin da za ka jera a bayan inji su ne za su ba ka wannan rabon. In kana da masu haƙora 55 da 65 da 30 da 60, to 55 ta ja 65, 30 da ke manne da 65 ta ja 60, ka samu 0.4231. Tazarar ta zama 0.6346. A kan haƙori goma kuskuren bai kai kaurin gashi ba. Da M3 kake so, 0.5 a kan 1.5 sulusi ne, 20 ta ja 60, shi ke nan.

Baba Makeri: Ni tsohon injina ƙirar Myford sandarsa haƙori 8 ce a inci. 40 a wurina 8 bisa 40 ne, ɗaya bisa biyar: 20 ta ja 50, 30 ta ja 60. Ba saura ko ɗigo. Milimita ce ke ba ni aiki, sai na nemo giya mai 127.

Bakaniken Unguwa: Me ya sa 127? Lamba kamar ta gidan haya.

Malama Injiniya: Saboda inci ɗaya milimita 25.4 ne, ka ninka sau biyar ka samu 127, kuma 127 ba ta rabuwa da komai sai kanta da ɗaya. Ita ce mafi ƙanƙantar giyar da za ta haɗa tsarin biyu ba kuskure. A injin Baba, sandar tana matsawa milimita 3.175 a juyi ɗaya, in yana son tazarar milimita 1 sai 40 ta ja 127. Matsalarta girma, ba kowane ƙaramin inji take shiga ba, shi ya sa wasu ke amfani da 63 ko 21 su haƙura da ɗan kuskuren da ido ba ya gani.

Oga Mai Fiƙa: Yanzu wuƙar. Ka wasa ta digiri 55 tunda siffar Whitworth ce, ka gwada da ma'aunin kusurwa, kada ka yi da ido. Don tagulla, samanta ya zama a kwance, kada ka yi mata gangara, in ba haka ba za ta fizgi kanta cikin ƙarfen. Tsininta ya zo daidai tsakiyar sanda, kuma ta fuskanci aikin a miƙe. Ka fara tona ɗan kwari a inda haƙorin zai ƙare, wurin da wuƙa za ta faɗa ka samu sararin tsayawa. Bi na farko ka sa ta ɗan karci ƙarfen kawai, ka tsaya ka ƙirga layukan, ko ka ɗora ma'aunin haƙori. Nan ake kama kuskuren giya tun ba a ɓata aiki ba. Zurfin da za ka kai 0.64 ne sau tazara, wajen milimita 0.41. Kada ka ci shi a bi biyu. Fara da 0.1, kana ragewa yayin da kake nitsewa, na ƙarshe ka bi sau biyu ba tare da ka ƙara komai ba.

Babban gargaɗi kuma: tunda haƙorin inci kake yankawa da sandar milimita, da zarar ka kulle hannun da ke kama doguwar sandar, kada ka sake buɗe shi sai ka gama. In ka kai ƙarshe, ka tsayar da inji, ka janye wuƙa, ka juya baya har ka wuce bakin aikin da ɗan rata don lakon giyoyi ya fita, ka mayar da wuƙa ka ƙara zurfi, ka sake tahowa. In ka buɗe, ba za ka sake faɗawa cikin ramin farko ba, sai ka ga haƙori biyu suna cin juna.

Baba Makeri: A nawa injin, haƙori 32 ko 40 ina buɗewa in rufe a duk inda na ga dama, domin 8 tana raba su. Amma a nasa maganar Oga ce. Sai dai masu inji irin nawa su kiyaye: cok ɗin Myford ɗaura shi ake yi da haƙori, in ka ba shi baya da wuta da ƙarfi yana iya kwancewa ya faɗo. Ni hannu na ƙera na soka ta bayan bututun cok, da shi nake juyawa. Ko an ɗauke wuta aikina bai tsaya ba.

Mai Gyaran Agogo: Hannun nan na Baba shi zan ba mai koyo shawara ya fara ƙerawa. Haƙori mai tsawon milimita 6 inji na juyawa da wuta, kafin ka ƙifta ido wuƙa ta daki kafaɗa. Amma a cire shi kafin a kunna inji, don Allah.

Na Maraɗi: Oga, ba ka yi maganar karkata ƙaramar kujerar da ke ɗauke da wuƙa ba. Malaminmu ya koya muna a kai ta digiri 29 da rabi.

Oga Mai Fiƙa: Wannan na haƙori mai digiri 60 ne, don wuƙa ta riƙa ci da gefe ɗaya, nauyi ya ragu. A Whitworth sai ka kai ta 27 ko ƙasa kaɗan da 27 da rabi. Yana da amfani a babban haƙori cikin ƙarfe mai tauri. Amma zurfin 0.41 a tagulla? Ya shiga kai tsaye, kada mu cika masa kai.

Na Maraɗi: To ni dai na saba da karkatawa ko ga ƙarami, haƙorin ya fi fitowa sumul.

Oga Mai Fiƙa: In wuƙarka na da kaifi ba za ka ga bambanci ba. Amma kowa da hannunsa.

Bakaniken Unguwa: Ba wanda ya yi maganar mai. Baƙin mai na juye muke zubawa, yana yi.

Baba Makeri: Baƙin mai aikinsa hana ƙarfe cin ƙarfe, kai kuma so kake ƙarfe ya ci ƙarfe. Ga dauɗa, ba ka ganin abin da kake yi. In babu man yanka na gwangwani, kitse ya fi shi nesa ba kusa ba, da shi magabata suka yi aiki. Man gyaɗa ma yana yi wa ƙarfe, sai dai ka goge inji bayan ka gama don yana daskarewa ya yi danƙo. Alminiyam kananzir yake so. Tagulla da ƙarfen zubi a bushe ake yanka su.

Malama Injiniya: Ɗan Kurmi, wane irin ƙarfe ne ma sandar taka? Kuma dayis ɗin mai tsaga ne ko dunƙulalle?

Ɗan Kurmi: Sandar walda ce ta ƙarfe marar tsatsa na kankare, Malama. Dayis ɗin kuma zagayayye ne mai tsaga a gefe, mariƙin yana da sukurori uku.

Malama Injiniya: Ƙarfe marar tsatsa yana da hali: in kayan yanka suka goge shi ba su ci ba, sai wurin ya ƙara tauri. Saboda haka dayis mai kaifi, mai isasshe, kuma kada ka yi ta murzawa a wuri ɗaya. Don sandar fistin zaɓi ne mai kyau tunda tururi ruwa ne. Sukurori ukun nan kuwa ba ado ba ne. Na tsakiya mai tsini yana shiga tsagar ya buɗa dayis, na gefe biyu suna matse shi. Bi na farko ka ɗaure na tsakiya ka saki na gefe, haƙorin zai fito da ɗan kauri. Ka gwada fistin. In ya ƙi, ka sassauta na tsakiya kaɗan, ka ɗan matsa na gefe, ka sake bi, har ya shiga da yatsu ba tare da yana rawa ba. Masu kusurwa shida ɗin nan da ake kamawa da sifana, yawancinsu na gyaran haƙorin da ya mutu ne, ba na yankan sabo ba.

Mai Gyaran Agogo: Akwai abin da har yanzu ba a faɗa ba, kuma ina ganin shi ne maganin cijewar. Ko haƙorin sanda ya miƙe, na cikin fistin fa? Shi ma a kan inji za ka huda, bakin diril 2.5 don M3, ka sa taf a cok ɗin wutsiya ka juya da hannu, duk a ɗauri ɗaya ba tare da ka kwance aikin ba. Sannan kada ka gama fistin tukuna. Ka bar shi da ɗan kauri, kamar rabin milimita, ka ɗaure shi tam a kan sandarsa, ka kama sandar, ka ƙarasa fiƙe fistin yana kanta, da ci kaɗan-kaɗan. Ta haka ko akwai 'yar karkata a haƙori, wajen fistin zai bi cibiyar sanda, kuma ita ce silinda ta damu da ita.

Ɗan Kurmi: Amma cok ɗina mai baki uku yana ɗan kaɗawa, ba ya kama siririn abu a tsakiya sosai.

Mai Gyaran Agogo: Duk haka suke. Ka kama guntun tagulla ko alminiyam a cok, ka yi masa alama daidai baki na ɗaya, ka huda shi daidai kaurin sandar. Ka fito da shi ka tsaga gefe ɗaya da siririn zarto, ka mayar alamar tana kallon bakin nan na ɗaya. Ramin an huda shi a inda cok ɗin yake juyawa, saboda haka duk abin da ka soka a ciki zai juya a tsakiya, kuma haƙoran cok ba za su ji wa sandar ciwo ba.

Oga Mai Fiƙa: Wannan dabara ce ta gaske, na sara maka. Kuma don kada a ce na ƙi dayis: a manyan ayyuka ni ma nakan ci kashi uku cikin huɗu na zurfin da wuƙa, in ƙarasa da dayis. Wuƙa ta ba shi hanya miƙaƙƙiya, dayis ya zagaye masa kai yadda wuƙa mai tsini ɗaya ba za ta yi ba.

Baba Makeri: Ashe dai ana shan inuwa ɗaya.

Oga Mai Fiƙa: A kan inji fa, Baba. Bais har yanzu ban yafe masa ba.

Ɗan Kurmi: Jama'a ga sakamako. Na yi sabuwar sanda da sabon fistin yadda aka ce, na ƙarasa shi a kan sandar cikin 'yar tagullar nan mai tsaga. Yanzu yana sauka cikin silinda da nauyin kansa, in na toshe ƙasa da yatsa sai ya tsaya. Allah ya saka da alheri. 1/4 x 40 ɗin ban taɓa ba, na duba giyoyina babu 55 babu 65, zan gwada M6 mai 0.75 tunda rabin 1.5 ne, 30 ta ja 60. Sai dai wata sabuwa: taf ɗin M2.5 ya karye a cikin ramin murfin silinda, ya karye daidai da fuskar, babu abin kamawa.

Malama Injiniya: Silindar ta mece ce?

Ɗan Kurmi: Tagulla.

Malama Injiniya: Ka yi sa'a. Nemo alam, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta. Ka narka shi a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, a cikin kwanon gilashi ko na alminiyam, ba na ƙarfe ba. Ka wanke man da ke ramin, ka cire duk wani abin ƙarfe da ke jikin silindar, ka tsoma ta, ka bar ruwan da ɗumi. Za ka ga ƙananan kumfa suna fitowa daga ramin. Alam yana cin ƙarfen taf ya bar tagulla. Yana ɗaukar lokaci, wani sa'in kwanaki, ka riƙa tsokanar ramin da allura kana ƙara ruwa. Da silindar ta ƙarfen zubi ce da wannan hanyar ba ta yi ba. Wane bakin diril ka sa kafin taf ɗin?

Ɗan Kurmi: 2.0.

Baba Makeri: Ya matse. 2.05 ne a lissafi, ka cire tazara daga kauri, amma sa 2.1 ka huta, riƙon da zai ragu ba ka ji ba. Kuma mariƙin taf ɗin ya zama ƙarami wanda za ka juya da yatsu biyu. Ramuka nawa suka rage?

Ɗan Kurmi: Biyar a sama, shida a ƙasa, Baba.

Baba Makeri: To sayi taf biyu.